Takalmin Hagun Dunduniya

Ɗan gwaggona ne, abokin wasana tun muna yawo ba wando, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan halal ne, in kuwa ya ji haushi ya san inda teburina yake. Sunansa na yanka yana nan, amma rabon da in ji an kira shi da shi tun ranar ɗaurin aurensa. Kowa Dunduniya yake ce masa. Sana'arsa gyaran takalmi, kuma duk wanda ya zo wurinsa, kafin ya dubi fuskarsa sai ya fara duban ƙasan ƙafarsa. Kai kana ce masa ina kwana, shi yana ce maka kana cin gefen dama.

Shagonsa yana kan titin da ya bi ta bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai sayar da katifa. Ɗaki ne guda, wanda in ka yi atishawa a bakin ƙofa sai ka goge hanci da bangon ƙurya. A ciki akwai kanta biyu cike da takalman da masu su suka manta, da gwangwanayen gam, da ƙullin fata, da basilla iri-iri, sai wata kujera 'yar tsugunno da ya gada wurin wanda ya koya masa aiki. Kujerar nan ko kyanwa ta hau ba za ta ce ta yi hawa ba. A kanta ya yi shekara talatin da ɗoriya, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa, takalmi a matse tsakanin cinyoyi. Ni kuma teburina na yankan makulli yana bakin ƙofarsa, ƙarƙashin rumfarsa. Inuwarsa nake sha, wutarsa nake ja, kofinsa nake ɗauka. Na faɗi wannan ne tun da wuri don kada wani ya zaci tsabar zumunci ce ta sa na damu da lafiyarsa.

Ciwon kwatangwalon hagu ya daɗe yana bin sa. Da farko sai in zai tashi daga kujerar ya dafa bango. Daga baya ya koma dafa bango da kanta. Daga ƙarshe sai da ni, har na ce zan fara rubuta wa a allon teburina cewa ana yanka makulli, ana kuma tayar da tsofaffi. Ƙashin ya cinye har in ya motsa kana jin ƙara. Wallahi akwai ranar da mai walda ya fito da gwangwanin mai yana neman ƙyauren da ke kuka. Tafiyarsa kuwa ta zama irin ta kwale-kwale a ranar iska. Duk da haka bai taɓa rufe shago don ciwo ba, kuma bai taɓa yarda an ce masa sannu ba tare da ya ce, "Da me?" ba.

Akwai wani hali nasa da ya kamata in faɗa tun yanzu. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shafa takalman jama'a, ba ya yarda kowa ya taɓa nasa. Wasu baƙaƙen sau-ciki ne da ya ɗinka da hannunsa, kullum suna ƙyalli, kullum dogon wando ya rufe musu baki. In ya shiga gidan mutane shi zai cire su da kansa, ya tura bayan ƙyaure. Ko matarsa ba ta isa ta goge su ba. Ni dai na yanke hukuncin yatsu shida gare shi, kuma na baza wannan labari a duk titin, har mai katifa ya rantse ya taɓa gani.

Babbar 'yarsa ce ta matsa aka kai shi wurin likitan ƙashi. Aka ɗauki hoto, likita ya ɗaga shi a haske ya nuna mana inda mahaɗar ta cinye, ya ce sai an cire tsohuwar an sa ta ƙarfe. Dunduniya ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko da gam ake liƙawa ko da ƙusa. Likita ya yi dariya ya ce akwai mai kama da gam, akwai wadda ƙashi ke kamawa da kansa. Wannan amsa ce ta sa ya yarda. Ya ce mutumin ya san aiki.

Ni a tunanina wanda aka yanka aka sa wa ƙarfe sai ya yi wata shida a kwance ana juya shi kamar ana shanya. Ina. Washegarin aikin na shiga ɗakin da ledar lemo a hannu, na tarar da shi a tsaye. A tsaye, riƙe da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu, gumi yana zuba, rigar asibiti a buɗe ta baya tana nuna wa duniya abin da ba ta tambaya ba. A gefensa wata 'yar siririyar mata ce, malamar gashin ƙashi, wadda ita ke koya wa marasa lafiya tafiya da motsa gaɓoɓi. Muryarta a hankali, amma ba a yi mata musu. Tun ranar na sa mata suna Soja. Ta sa shi ya kai bakin ƙofa ya dawo. Da ya zauna na tambaye shi yaya ciwo, sai ya karkatar da kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Wurin yankan yana zafi," in ji shi. "Amma wancan na ciki, mai cizon nan, ban ji shi ba."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na rasa tsokanar da zan yi, sai na ɓare lemo na shanye.

Ranar sallama likita ya zo da dokokinsa. Kada ya zauna a abin da ya fi gwiwarsa ƙasa. Kada ya harɗe ƙafa. Kada ya tsuguna, kada ya sunkuya ɗaukar abu a ƙasa. In zai kwanta a sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ya ce kumburi zai zo ya tafi, ɗingishi zai ɗan jima domin naman wurin ya daɗe ba ya aiki, sai ya sake koyo. Ya ce cikin 'yan watanni yawancin mutane suna komawa harkokinsu, amma warkewa ta sosai tana iya cin shekara. A ciki har ya ce sun dawo da ƙafar daidai da 'yar'uwarta. Dunduniya ya gyaɗa kai ya ce madalla, irin madallar da ake yi wa wanda ya ce maka gobe za a yi ruwa. Ni ma ban riƙe maganar ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne dokar farko, domin ita ce ta kashe kujerarsa.

Matarsa kuwa ta haddace dokokin nan kamar karatu. Da ma mace ce mai tsari, amma daga ranar ta zama Hukuma, kuma sunan ya bi ta. Ta sa kafinta ya ɗaga ƙafafun gado. Ta samo abin ɗora wa a masai don ya yi tudu. Ta naɗe duk wata darduma da ke tsakar ɗaki kada ƙafa ta harɗe. Kujerar falo mai laushi da yake so ta juya ta ta fuskanci bango. Da cokali ya faɗi ƙasa, kafin idonsa ya kai wurin muryarta ta riga shi: "Malam." Shi ke nan, kalma ɗaya. Na taɓa ganin ya fara ɗora ƙafa kan ƙafa tana can kicin, bayanta a juye, ta ce "Malam," ƙafar ta koma da kanta.

Kuma abin ya yi kyau. Duk zuwan da zan yi sai na ga sabon abu. Yau ya bar ƙarfe mai ƙafa huɗu ya koma sanda biyu. An jima sanda ɗaya. Yana zagaya falo ba takalmi, daga taga zuwa firji, daga firji zuwa taga, yana ɗaga ƙafa gefe yana saukewa kamar yadda Soja ta koya masa. Barci ya dawo masa, cin abinci ya dawo, har masifa ta dawo, wadda ita ce babbar alamar lafiya a danginmu. Na gaya wa mutanen titi cewa in aka yi wasa sai ya shiga gasar gudu.

Sai aka ce ya fara fita waje. Ya sa aka ɗauko masa baƙaƙen sau-cikinsa, ya kori kowa daga ɗakin, ya zura su da wani dogon cokalin takalmi da ya sa mai walda ya ƙera masa don kada ya sunkuya. Muka fita tare zuwa bakin layi. Kafin mu kai shagon mai aski na ga yana ɗingisawa. Ba sosai ba, amma ya fi na cikin gida. Muka dawo gida. Da zan tafi ya ce in kawo masa jakar kayan aikinsa daga shago, hannunsa na ƙaiƙayi. Hukuma ta yarda, da sharaɗin a kan teburin cin abinci zai yi, yana zaune a doguwar kujera. Na kawo. Na ɗauka tsofaffin silifan gidan zai ɗinke.

Daga nan abu ya fara komawa baya. Ɗingishin ya ƙaru. Ya fara jefa ƙafar hagu gefe kafin ya kawo ta gaba, kamar mai shara da ita. Bayansa ya kama ciwo, gwiwar dama ta fara gunaguni. Ya daina yawo ba takalmi ko a cikin ɗaki, ya ce sanyin siminti ba ya yi wa ƙarfe kyau. Sanda ta biyu da aka jingine bayan ƙofa ta dawo hannu. Aka koma wurin likita, aka hau da shi gadon dubawa bayan ya cire takalmansa ya tura ƙarƙashin kujera, aka lanƙwasa, aka miƙe, aka sake hoto. Likita ya ce ƙarfe yana zaune daram, babu kumburi, babu zazzaɓi, a ƙara haƙuri a ci gaba da motsa jiki. Ya sa takalmi, muka fito, ya ɗingiso har mota.

A nan ne 'yar tasa ta yi magana, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta ce wa mahaifinta shekarun da ya yi a durƙushe sun isa. In zuwa ganin Soja na gaba ƙafar ba ta daidaita ba, a mayar wa mai gini shagonsa, shi kuma ya zauna gida ya huta. Ta ce mai katifa ya daɗe yana son ya fasa bangon ya faɗaɗa nasa. Na jira Dunduniya ya yi tsalle ya dire, domin mutum ne da ya taɓa korar mai unguwarmu daga shago a kan ya ce masa ɗinkinsa ya karkace. Sai na ji ya ce to. To kawai.

Bayan ta fita na ce masa wace irin to ce wannan, ko har da harshe aka cire a tiyatar. Bai yi dariya ba. Yana kallon hannayensa.

"Makulli," ya ce, don haka yake kirana, "na yi iya abin da na sani. Kullum ƙara lalacewa take yi. In an ɗinke takalmi ya sake ɓarkewa a wuri ɗaya, ba zare ba ne, fatar ce ta mutu."

Na ce masa shi ba takalmi ba ne, ko da yake akwai kama ta wajen wari. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi. Amma gaskiya a makonnin nan ko abinci ba ya yi mini daɗi. Ina zaune bakin rufaffen shago, mutane na zuwa da takalma a leda suna tambayar yaushe zai dawo, ina ce musu jibi. Mai katifa kuwa ya fara fitowa yana auna bangon da ido, yana gaishe ni da fara'ar da ban saba gani ba.

Ranar komawa wurin Soja mu uku muka tafi, ni da shi da Hukuma. Ɗakin gashin dogo ne, da gadaje a jere, da wasu ƙarafa biyu da ake bi ta tsakiyarsu ana riƙewa, da madubi a ƙarshen bango. Tun daga ƙofa Soja ta tsaya tana kallon yadda yake tahowa. Ta sa shi ya hau gado, ya tuɓe takalman da cokalinsa, ya tura su ƙarƙashi. Ta ɗaga ƙafar, ta tura, ta ce ya ture hannunta, ya ture. Ta miƙe ƙafafun biyu ta haɗa dugadugan ta duba. Ta ce ƙarfin ya ƙaru sosai a kan na wancan zuwan, abin da ba ta gane ba shi ne wannan tafiya. Ta tambaya ko ya faɗi, ya ce a'a. Ko ya daina motsa jikin, Hukuma ta ce a gidan wa.

Da aka gama ya zuro ƙafafu ƙasa yana laluben cokalinsa, ashe ya zame ya faɗa bayan gado. Ya fara karkata zai leƙa, Hukuma ta ce "Malam," ya tsaya cak. Soja, da yake ba ta san dokar takalman ba, ta sunkuya ta jawo su, ɗaya a kowane hannu. Ni da Hukuma muka haɗa ido. Shekara da shekaru ba a taɓa ba.

Ta miƙe za ta ajiye masa, sai ta tsaya. Ta ɗaga na dama, ta ɗaga na hagu, kamar mai awon nama. Ta ajiye su a kan tebur gefe da gefe, ta durƙusa ta daidaita idonta da su. Ta zura hannu cikin na hagu. Ni ma na matso. Jama'a, daga sama takalma biyu ne 'yan uwa ɗaya. Daga gefe kuwa na dama gida ne, na hagu bene. An yi wa ƙasansa ƙari a kan ƙari, an goge gefen an shafe da baƙi har ba ka ganin layi, a ciki ma an shimfiɗa wani. In na ce ana iya hango tashar mota daga kansa za a ce na cika, to ku rage rabi.

"Baba," in ji Soja, "wa ya yi maka wannan?"

Ya gyara zama. Duk da halin da ake ciki sai da alfahari ya leƙo. Ya ce shi ya yi. Ya ce tun da ciwon ya fara cin ƙashin ƙafar take guntulewa, shi kuma duk lokacin da ya ji ya fara karkata sai ya ƙara mata falle ɗaya, a hankali, yadda ba wanda zai ce Dunduniya gurgu ne. Ta tambaya bayan aikin fa. Ya ce ai da ya fita ya ji yana ɗingishi ya san ta ƙara guntulewa, tunda an yanke ƙashi, sai ya ƙara falle. Bai yi ba, ya ƙara wani. Shi ma bai yi ba.

"Ya ƙara wani," na ce, don in taimaka.

Soja ta ce ba likita ya gaya masa an dawo da tsawon ƙafar ba? Ya ce ya faɗa, amma shi ya ɗauka irin maganar da ake yi wa mara lafiya ce don ya ji daɗi. Ya ce a ina aka taɓa ganin itacen da ya gama girma ya ƙara tsawo. Ta ce ba ƙafar ce ta tsiro ba, gurbin da ƙashin ya cinye ne ƙarfen ya cike. Ɗan ɗingishin da ya ji da farko na raunin nama ne, wanda aka ce masa zai tafi da kansa. Shi kuwa ya ɗauki ƙafar da ta riga ta daidaita ya ɗora ta a kan tudu, yana ta ƙara wa tudun ƙasa.

Kai da ni za mu ce me ya hana shi ganewa. Amma hannun da ya shekara goma sha wani abu yana maganin ɗingishi da gam da roba, in ya ji ɗingishi ba zai tsaya tambayar kai ba.

Ta ce ya sauko haka nan, ba takalmi. Ya ce simintin da sanyi. Ta ce ta sani. Ta karɓe sanda ɗaya, ta bar masa ɗaya, ta nuna masa madubin can ƙarshen ɗaki. Ya dube ni, na dubi silin. Ya taka. Takun farko ya jefa ƙafar gefe don sabo, ta ce a hankali, miƙe ta gaba. Ya sake. Kafin ya kai tsakiyar ɗakin kafaɗunsa sun daidaita. Akwai ɗan saura, ɗan jinkiri a hagu, amma sharar nan da ƙafa ta tafi, kwale-kwalen ya tsaya. Ya isa gaban madubi ya tsaya yana kallon mutumin da ke ciki, tun daga kai har yatsu. Ni ma na ƙirga yatsun. Biyar ne, abin takaici.

Ya juyo ya dawo ba wanda ya ce ya dawo. Ya sake komawa. Hukuma ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, har yau ban san ko kuka take ko dariya ba, ita ma ta ce ba ta sani ba. Da ta samu magana sai ta ce, "Malam, ashe a kan teburina kake wannan ɓarnar, ina kawo maka shayi."

Shi kuwa ya juya wurin Soja.

"'Yata, to aikin bai lalace ba?"

"Bai lalace ba, Baba. Kai ne kake ta gyara abin da an riga an gyara."

Ya sauke wata ajiyar zuciya da na ji iskarta a wuyana. Sannan ya tambayi abin da ya kawo mu, wato shago. Ta ce ciwon bayan zai ɗauki ɗan lokaci kafin ya huce, sandar nan ɗaya kuma kada ya yi saurin yar da ita. Shago zai iya komawa, amma ba kan 'yar tsugunno ba. Sai ya ce ai duk ɓarnar nan a kan dogon tebur ya yi ta, kuma ɗinkin bai karkace ba. Ta ce to ga amsa nan ya ba kansa.

Saura yadda za a koma gida, domin ta ce ƙafarsa ba za ta sake shiga takalmin nan ba. Aka dubi ƙafafun da ke wurin, aka ga nawa ne daidai da nasa. Ya sa silifaina. Ni kuma, da yake ba zan taka titi ba takalmi ba, na zura baƙaƙen sau-cikin da aka hana duniya taɓawa. Wallahi taku uku na yi na ji ƙuguna ya koma wani gari. Muka fito harabar asibiti, wanda aka yi wa tiyata yana tafe a miƙe, ɗan rakiya yana binsa yana shara da ƙafa. Wani ma'aikaci ya turo keken marasa lafiya ya tsaya a gabana. A cikin mota wata tsohuwa ta tashi ta ba ni wuri, ta ce Allah ya ba ni lafiya. Na ce amin, na zauna. Dunduniya ya yi dariya har sai da Hukuma ta tuna masa ɗinki, ko da yake ɗinkin ya daɗe da warkewa.

'Yar ta zo da yamma. Ya tashi daga kujera, ya je firji, ya ɗauko mata ruwa, ya dawo ya miƙa mata. Ta karɓi kofin ba ta sha ba, tana kallon ƙafafunsa. Ta dube ni ta ce, "Baffa, me aka yi masa?" Na ce an yi wa takalminsa tiyata. Da aka ba ta labari ta riƙe kai ta ce garin gyaran gira an kusa rasa ido. Maganar mayar da shago ba ta sake tasowa ba. Ita da kanta ta kira kafinta.

Yanzu in ka bi ta bayan tasha za ka same shi. An kafa masa dogon benci a jikin bango, da kujera mai tsawo mai wurin ɗora ƙafa, da wani maƙalin ƙarfe da mai walda ya yi masa wanda ke riƙe takalmi a maimakon cinyoyi. Ya yi kwanaki yana ƙorafin cewa aiki a sama ba ya shiga jiki, sannan ya manta yana ƙorafin. In ƙusa ta faɗi ƙasa yana da maganaɗisu a bakin sanda. In abin ba ƙarfe ba ne yana da ni. Da safe in an yi sanyi ƙafar takan yi masa nauyi kafin ta saki, kuma in ya daɗe a tsaye yakan nemi kujera. Sandar tana rataye a bayan ƙofa, wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci ya kai gida sannan ya tuna ya bar ta. Yana tashi tsakiyar aiki ya je bakin layi ya dawo, don Soja ta ce kada ya daɗe a zaune, kuma ko ba ta nan yana jin tsoronta.

Takalmin hagun kuwa ranar da ya buɗe shago shi ya fara ɗorawa a benci. Ya sa wuƙa yana ɓare ƙarin falle-falle kamar albasa. Na saman sababbi ne, gam ɗinsu bai gama bushewa ba, waɗannan ya jefa kwandon shara ba tare da ya dube su ba. Na ƙasan kuwa yana ɓarewa yana juya su a hannu. Ya ce wannan shekarar da aka yi wa titin kwalta ne, wannan lokacin da aka haifi jikarsa ta fari. Ya kai kan asalin tafin, siriri, daidai da na dama. Ya goge, ya shafa baƙi, ya ajiye su biyun a ƙasa ya zura ƙafa.

Na ce masa ya ba ni tsofaffin fallayen in ajiye don tarihi. Ya ce in ɗauki 'yar tsugunnon dai, ita ta dace da matsayina. Na ɗauka. A kanta nake zaune yanzu a bakin ƙofa, ƙarƙashin rumfar da mai katifa ya daina aunawa da ido. Kwanan nan in zan tashi sai na ɗan dafa bango, kuma duk lokacin da na dafa, sai in ji murya daga ciki, ko ɗago kai ba ya yi, yana cewa in kawo takalmin hagun ya duba mini.